Filin Mata: Ki Kawo Bado Gida, Ki Bar Wa Kududdufi Cutarsa

  

A makon jiya mun yi zancen shuka alayyafo da yakuwa a bayan ɗaki, na kuwa yi muku alkawari yau za mu ɗauko maganar shanyar kuɓewa. To, ku gafarce ni, zan saɓa, domin wata takarda ta zo mini daga wata 'yar'uwa a ƙasar Tudun Wada, na ga bai kamata a bar ta tana jira ba. Ga abin da ta ce: "Malama, ran nan muna dawowa daga biki da sassafe ta wajen Tiga, sai na ga bado ya rufe wani kududdufi da fure fari fat, har na roƙi direba ya ɗan tsaya. Tun daga ran nan raina ya ke son in ga irinsa a tsakar gida. Da na gaya wa maigida sai ya yi dariya. Uwar mijina kuwa ta ce ba a gidanta za a yi kiwon sauro ba. Shin ana iya shuka bado a gida, ko kuwa zuciya ce kawai ta ke ruɗina?"

'Yar'uwa, ana iyawa ƙwarai. Yanzu haka da na ke rubuta miki wannan amsa a nan Ƙafin Maiyaƙi, akwai bado a ƙofar ɗakina cikin wata tsohuwar kwatarniya, shekararsa biyu ke nan, jiya ma ya buɗe fure biyu. Amma kada ki yi fushi da uwar mijinki. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai ma ta rage lissafi, gama haɗari uku ne ke tattare da wannan sha'ani, ita kuwa ɗaya ta ambata. Abin da zan nuna miki yau shi ne yadda za ki kawo badon gida, ki bar wa kududdufi cutarsa.

Ran da badon nan nawa ya fara fure, kakata ta zo mini wuni. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce, "Ke 'yar nan, abincin yunwa kika mayar abin ado?" Na ce, "Kaka, yaya aka yi ya zama abincin yunwa?" Ta zauna ta ba ni labarin farin 1973, lokacin tana amarya, hatsi ya yi tsada har ya gagari talaka. Ta ce su kan tafi fadama su tsinko 'ya'yan bado, su shanya, su sussuke, su daka, a gauraya da ɗan garin dawar da ya saura, don tuwo ya kai ga kowa. Saiwarsa kuma su kan tono ta a gasa ko a dafa kamar gwaza. Ta ce ita ma kakarta haka ta gaya mata an yi a babbar yunwar 1914, wadda mutanen ƙasar Kano su ke kira Kakalaba. Da ta gama sai ta ce, "Bar shi nan. Abin da ya rufa mana asiri ran wuya ya cancanci a ba shi wuri ran daɗi." Kun ji, ashe bado ba baƙo ba ne a gidajenmu, mu ne dai muka manta da alherinsa.

Da farko ya kamata mu rarrabe shi da kainuwa, don na ji mata da yawa suna haɗa su. Kainuwa ita ce mai yawo a bisa ruwa, saiwarta tana reto ba ta kama ƙasa, shi ya sa a ke mata kirari da dashen Allah. Ita ba a kai ta gida, domin cikin 'yan makonni za ta rufe ruwa ruf, ta kashe abin da ke ƙarƙashinta. Bado kuwa yana da gindi. Saiwarsa, mai kama da ɗan dankali, tana binne cikin laka a ƙasan ruwa, daga nan ya ke miƙo dogayen sanduna masu taushi, kowace da ganye guda kamar faifai kwance a fuskar ruwa. In kin karya sandan nan za ki ga 'yan ramuka a cikinsa tun daga sama har ƙasa. Ta nan iska ke sauka zuwa ga saiwa, shi ya sa ba ta ruɓewa cikin taɓo. Ƙofofin da ganyen ke shaƙar iska da su kuwa a bisansa su ke, ba a ƙarƙashi ba kamar na yawancin itatuwa.

Iri biyu muka fi gani a ƙasarmu. Akwai fari, mai babban ganye da baki kamar zarto, wanda ke buɗe furensa da dare, ya rufe in hantsi ya dubi ludayi. Shi 'yar'uwarmu ta gani da sassafe. Akwai kuma mai ruwan shuɗi-shuɗi, wanda ke buɗewa da safe ya rufe kafin yamma. Kowane fure ya kan yi kwana 3 ko 4 yana buɗewa yana rufewa, sa'an nan ya sunkuya ya nutse. A can ƙarƙashin ruwa ɗansa ke nuna, in ya nuna ya fashe, ƙwayoyin su taso su yi ta yawo, daga baya su nutse su kama ƙasa a wani wuri. In rani ya yi, kududdufi ya ƙafe, ganye ya bushe, sai ki ce ya mutu. Bai mutu ba, saiwar tana nan kwance cikin busasshiyar laka tana jiran ruwan fari. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wuraren da ruwa ke kwanciya rani da damina sun ƙaru a ƙasar Bebeji da kewayenta, bado kuwa ba abin da ya ke so kamar ruwa mai kwanciya.

Ga maigidan da ya yi dariya, a gaya masa ba matarsa ce ta fara wannan sha'awa ba. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun zana bado fari da shuɗi a bangayen gine-ginensu, kuma bayan an buɗe kabarin sarkinsu Tutankamun cikin 1922, daga baya an tarar da busasshen furensa a cikin adon da aka yi wa gawar. A Ingila cikin 1849 wani mai lambu, Josef Fakston, ya reni wani ƙaton bado na ƙasar Amurka ta Kudu har ya yi fure, ya ɗora 'yarsa ƙarama a kan ganye guda bai nutse ba. Mutanen Bangaladash kuwa bado suka zaɓa ya zama furen ƙasarsu. Amma wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne wani mai zane na Faransa, Kulod Mone. Cikin 1893 ya nemi iznin jawo ruwan rafi don ya yi tafkin bado a lambunsa, mutanen ƙauyen suka ƙi, suka ce baƙin tsire-tsirensa za su ɓata musu ruwan da dabbobinsu ke sha. Da ƙyar ya samu izni. Kafin ya mutu cikin 1926 ya zana badon nan wajen sau 250, yau kuwa mutane daga ko'ina cikin duniya su ke zuwa kallon tafkin. Kun ga ashe ko a Turai sai da aka yi gardama a kan ruwan kafin a yarda da furen.

To, yanzu mu zo ga haɗarin nan uku. Zan fara da wanda ya fi ɓoyuwa, kuma zan fara da laifin kaina, don kada wata ta ce Malama tana wa'azi daga kan tudu.

Lokacin da na ke koyon aikin malanta, an tura ni wata makarantar firamare in yi gwajin koyarwa. Wata rana za mu yi darasi a kan sassan fure, sai na ce wa yara gobe kowa ya zo da furen da ya samu. Ban ce kada a shiga ruwa ba, ko a raina bai zo ba. Da gari ya waye sai ga wani yaro, ɗan shekara kamar 10, ya rungumo bado cike da hannu, wandonsa sharkaf, yana ta murmushi. Na yaba masa a gaban aji, har na sa aka tafa masa. Daga ran nan kullum sai ya kawo mini, ni kuwa ina karɓa ina sawa a kwalba bisa tebur. Ana nan sai na lura yaron nan ba ya zama minti 30 bai nemi izni zuwa bayan gida ba, in ya dawo kuma fuskarsa a yamutse. Na kira shi gefe na ce, "Me ke damunka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, jini na ke gani in na gama fitsari." Na ce, "Tun yaushe? Ka gaya wa Innarka?" Ya ce, "Ai an ce ba kome, alamar girma ce, duk abokaina suna yi."

'Yan'uwa, ran nan ban iya cin abinci ba. Na sani ya daɗe yana wanka a kududdufin nan tun kafin in zo garin, amma ni ce na ƙara masa dalilin shiga, har da tafi. Na je gidansu na gai da mahaifiyarsa, muka kai shi asibiti, aka duba fitsarin da madubin likita, aka ce tsargiya ce, aka ba shi magani ya warke. Alhamdu lillahi. Amma tun daga ran nan ban sake cewa yaro ya kawo mini wani abu daga ruwa ba.

Ga yadda tsargiya ta ke. Wata tsutsa ce siririya da ke zama cikin jijiyoyin jini kusa da mafitsara. Wani likita Bajamushe, Tiyodo Bilhaz, shi ya fara ganinta a Alƙahira cikin 1851. Mai ciwon in ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya kan fita tare da fitsarin, ya ƙyanƙyashe, ɗan ya nemi wata 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwa ya shige jikinta. Bayan kamar wata guda sai 'ya'ya masu ɗimbin yawa su riƙa fitowa daga katantanwar, ido ba ya ganinsu, sun fi fita kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka, mata ke wanki. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata su ke huda jiki su shiga. To, ita katantanwar nan ba inda ta ke son maƙalewa kamar ƙarƙashin ganyen bado, nan ta ke kiwo, nan ta ke manna ƙwanta mai kama da majina. Watau wanda ya ciro bado da ganyensa daga kududdufi ya kai gida, yana iya kai tsargiya har tsakar gida.

Ina roƙonku da babbar murya, ku daina yarda da zancen nan na cewa jini a fitsarin yaro alamar girma ce. Ciwo ne. Yana shan jinin yaro, yana hana shi girma da fahimtar karatu, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Mu mata ma bai ƙyale mu ba, ya kan kama mahaifa da gaba, ya kawo ciwon mara da zubar jini, har ya kan taɓa haihuwa, mace ta yi ta shan maganin sanyi a banza. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ko'ina yawan masu fama da shi. Maganinsa ƙwaya ce da likitoci ke kira Firazikwantel, wadda a kan raba wa yara a makarantu, a auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwadonsa. In an aiko za a raba, kada ki hana ɗanki, sai dai ki tabbata ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha.

Haɗari na biyu shi ne wanda uwar miji ta ambata, watau sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓi yana son ruwa mai tsabta, wanda ba ya motsi, wanda rana ke bugu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kuwa kwana 7 zuwa 10 ne kurum in ana zafi. Na uku shi ne faɗawar yara. Ba shekarar da za ta wuce ba mu ji kududdufi ya ci yaro a ƙasar Kano ba, kuma kada ki ce ai kwatarniya ba kududdufi ba ce. Yaro mai rarrafe ko mai tatata, kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya kuka. Ruwan da bai wuce inci 2 ba ya isa ya yi ɓarna kafin ki sauke tukunya.

To, duk ukun nan akwai rigakafinsu, rigakafi kuwa ya fi magani. Ga yadda za ki yi, bi da bi.

Na ɗaya, samun iri. Kada ki shiga ruwa, kada ki aiki yaro. Ki lura da kududdufin da bado ya ke da kaka, ki yi haƙuri sai ya ƙafe ƙaf, wajen watan Fabrairu ko Maris. A lokacin nan masu haƙar ƙasa don yin tubali su kan tono saiwar su yar. Ki sa maigida ko ƙaninki ya roƙa miki guda 2 ko 3, masu tauri, waɗanda ba su ruɓe ba. In kuwa mai ganye aka kawo miki daga wurin masunta, ki sa leda a hannu, ki yanke ganye da sanduna duka ki zubar a rana su bushe, saiwar kaɗai za ki ɗauka.

Na biyu, wanki da tsarewa. Ki wanke saiwar da ruwan rijiya da tsohon buroshi, kada ki bar ko ɗigon lakar kududdufi a jikinta, gama katantanwa ta kan ɓuya cikin laka ta yi barcin rani kamar yadda badon ke yi. Sa'an nan ki sa ta cikin bokiti da ruwa kaɗan, ki ajiye inda yara ba su kaiwa, har mako 3. Kowane kwana 3 ki zubar da ruwan a kan busasshiyar ƙasa, ki duba da kyau, ki sake sabo. In kin ga katantanwa, ko ƙanƙanuwa ce kamar ƙwayar gero, ki murƙushe ta, ki sake ƙirga makonnin daga farko. Kafin lokacin ya cika za ki ga ɗan tsiro ya leƙo.

Na uku, mazubi. Babbar kwatarniya ta yi, amma a shafe cikinta da siminti don kada ta riƙa tsatsa. Rabin duro na roba ya yi, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba. Na ƙarfe yana tsatsa, yana kuma dafa ruwa da bazara. Wadda ke da hali, a sa mata kwalbatin rijiya guda a daɓe ƙasansa da siminti, amma a cika shi da ruwa a zubar sau 3 ko 4 cikin mako 2 kafin a yi dashe, don kaifin siminti ya fita. Zurfin mazubin ya kai inci 18. Ki ajiye shi inda rana ke bugu sa'a 6 ko fiye, gama bado a inuwa ganye kawai ya ke yi. Kada ki sa shi ƙarƙashin darbejiya, ganyenta zai riƙa zuba yana ruɓar da ruwan.

Na huɗu, ƙasa da dashe. Ki samo ƙasa mai danƙo daga gona, irin wadda a ke yin tubali da ita, ba rairayi ba, ba kuwa lakar kududdufi ba. Ki ɗauki tsohon kashin shanu wanda ya shekara, cikin tafi biyu, ki shimfiɗa a can ƙasa, ki rufe shi da ƙasar har kaurin inci 6. Ɗanyen taki ko na kaji zai taso sama ya ɓata ruwan. Ki dasa saiwa guda ɗaya tak a tsakiya, ki bar kan da ke tsiro a waje, kada ki binne shi. Ki zuba tsakuwa a bisa don ƙasar ta kwanta. Sauran saiwoyin ki ba maƙwabta.

Na biyar, ruwa. Ki yi amfani da na rijiya ko na burtsatse. In na famfo ne, ya kwana a buɗe tukuna. In ba ki da wani sai na rafi ko na dam, ki ajiye shi a rufe kwana 3 kafin hannu ya taɓa shi, gama 'ya'yan tsargiya ba su wuce kwana 2 da rai in ba su sami jikin mutum ba, kuma ki tace shi da ƙyalle saboda katantanwa. Ki fara da ruwa kaɗan, kamar inci 4 a bisa tsiron, ki riƙa ƙarawa yayin da sandunan ke tsawo, har ya kai inci 10 ko 12. A makonnin farko ruwan zai yi kore da gansakuka. Kada ki tsorata ki zubar. Da zarar ganye ya rufe rabin fuskar ruwa, gansakukar za ta rasa rana ta kwanta da kanta. Daga nan aikinki kawai ki cike abin da rana ta sha kowane kwana 2 ko 3.

Na shida, masu gadin sauro. Bayan mako 2 da dashe, ki sa 'yan ƙananan karfasa 2 ko 3, masu tsawon ɗan yatsa. Su za su cinye 'ya'yan sauro tun suna wutsil-wutsil. Kada ki cika su da abinci, ɗan dusa kaɗan sau biyu a mako ya isa, don in sun ƙoshi ba za su yi farauta ba. In sun girma sun fara gatsar ganye, ki kai su tukunyar miya ki sa waɗansu ƙanana. Kada ki sa tarwaɗa, za ta dama lakar ta tumɓuke saiwar. Ko da kifi a ciki, ki riƙa leƙawa sau biyu a mako, in kin ga 'ya'yan sauro ki kwashe da rariya. Kada ki fesa maganin ƙwari a ruwan, kifin zai fara kashewa. In ƙananan ƙwari sun taru a ganye, ki danna ganyen cikin ruwa, kifi ya yi kalaci. Gidan sauro kuma ba a fasa kwana cikinsa.

Na bakwai, kuma shi ne wanda ba na yarda a yi mini gardama a kansa, murfi. Ki sa mai walda ya yi miki murfin rodi mai ramuka kamar inci 2, wanda zai zauna daram a bakin mazubin daidai fuskar ruwa, a ɗaure shi da waya yadda yaro ba zai ɗaga ba, mai ƙarfin da ko yaro ya hau ba zai lotsa ba. Kada ki ji tsoron zai hana badon fitowa, gama sabon ganye a naɗe ya ke tasowa kamar tabarma, sai ya wuce ta ramin kafin ya buɗe. In ba ki da kuɗin murfi yanzu, kuma akwai mai rarrafe a gidan, ko naki ko na kishiya ko na maƙwabta masu shigowa, to, ki haƙura sai baɗi. Bado ba zai ƙare a duniya ba. Ki kuma kafa wa yara doka, ba wasa a ruwan nan, ba wanka, ba fitsari kusa da shi.

In kin dasa da bazara, kika kiyaye waɗannan, in Allah ya so cikin wata 2 ko 3 za ki ga fure. Ganyensa ba zai kai girman na kududdufi ba, tun da wurin ƙarami ne, amma furen ba zai ba ki kunya ba. Ki riƙa cire ganyen da ya yi rawaya tun daga gindi. Da hunturu zai ja baya, ganye ya ragu, fure ya tsaya. Kada ki ce ya mutu ki kifar, barcinsa ya ke yi. In zafi ya dawo, ki dunƙula ɗan tsohon taki cikin yumɓu kamar ƙwan kaza, ki tura shi cikin ƙasar nesa da saiwa kaɗan, za ki ga ya farka.

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan abin da ba a ci? To, ni dai ga abin da na gani. Mace ta kan tashi tun assalatu, ta yi shara, ta hura wuta, ta sallami 'yan makaranta, rana ta faɗi ba ta dubi wani abu don jin daɗin ranta kawai ba. Ni in na idar da sallar asuba na fito, na tarar da farin furen nan a buɗe, da ɗan ƙamshinsa, na kan tsaya in yi tasbihi ga Wanda ya fid da wannan daga cikin taɓo. Ba ya cin hatsi, ba ya shiga gonar kowa. Yaran maƙwabta kuma da ke zuwa kallonsa, a bakin kwatarniyar nan na ke koya musu labarin katantanwa da tsargiya, sun kuwa fi riƙe shi a nan bisa ga yadda su ke riƙewa a aji.

Ke kuma 'yar'uwata ta Tudun Wada, kada ki fara kome sai kin shawo kan tsohuwa. Ki same ta da ladabi bayan ta ci abinci, ki durƙusa ki ce, "Inna, maganar da kika yi a kan sauro gaskiya ce, na bincika, ashe ma akwai abin da ya fi sauro." Ki karanta mata wannan fili, ki nuna mata wurin da za a ajiye, da murfin da za a yi, da kifin da za a sa. Ki tambaye ta ko ta taɓa cin bado, na tabbata tana da labari. In ta yarda, ranar da furen farko ya buɗe ita za ki fara kira. In ta ƙi, ki bar shi, zaman lafiya da ita ya fi fure.

Duk wadda ta gwada, ta rubuto mini yadda ta ƙare, ko ya yi ko bai yi ba, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Wadda kuma ta ga jini a fitsarin ɗanta, kada ta jira wani makon, ta kai shi asibiti gobe da safe. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ga kuɓewarmu.

Haza wasalam.

Taku,
Malama, Ƙafin Maiyaƙi